Charles Babbage, Kakan Kwamfuta

An haifi Charles Babbage a Landan a 1791, ya kuma yi karatu a Jami'ar Kambirij. Yawan kurakuran masu lissafi da hannu ne ya sa ya zana injin ƙarfe mai yin lissafi. Gwamnatin Ingila ta kashe wa aikin kimanin fam 17,000, sannan ta janye hannunta a 1842. Ya mutu a 1871 bai kammala ba. Sai a 1991 gidan tarihin kimiyya na Landan ya ƙera injin bisa zanensa da aka adana, ya kuwa yi aiki daidai.

'Yan'uwa da malamaina, shi ya sa nake roƙon ƙungiyarmu ta tattara tsofaffin tafireta da kwamfutocin makarantun Birnin Kudu da Gwaram, a adana wa ƙannenmu su gani, kafin 'yan gwangwan su kwashe.