Dorugu: Bawan da Ya Ba Littafi Mai Tsarki Hausarsa

'Yan uwa 'yan ƙungiya, a wannan fitowa ta bikin zagayowar shekara mun ga ya dace mu tuna da wani matafiyi da ya riga mu tsallake iyakoki. Sunansa Dorugu.

An haifi Dorugu wajen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa. Daga hannu zuwa hannu har ya faɗo Kukawa, babban birnin Borno na wancan zamani. A nan ne wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya ɗauke shi aiki, ya kuma 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Margi kuwa maƙwabtanmu ne, bayan duwatsun Mandara.

Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, sai yaran suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim. Tare da shi suka bi ta Zinder, Katsina da Sakkwato har Tumbuktu, suka dawo Kukawa, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. A 1855 suka sauka Ingila.

A can Dorugu ya haɗu da Fasto James Frederick Schön na mishan ɗin CMS, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Burinsa shi ne ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen da fatake ke ciniki da shi daga Tarabulus har Gwanja. Dorugu ya zauna gidansa yana ba shi kalmomi, tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, Schön yana rubutawa. An yi wa Dorugu baftisma da suna James Henry. Abbega ya koma gida a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu bai dawo ba sai 1864.

Me ya sa aka sha wannan wahala? Kiristoci sun gaskata cewa Nassi hurarre ne daga Allah: mutane ne suka riƙe alƙalami a Ibrananci da Girkanci, amma Ruhun Allah ne ya bi da su. Wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 3, ta nuna amfaninsa: ya koyar, ya tsawata, ya gyara hali, ya tarbiyyantar da mutum ga aikin kirki. To, tsawatawar da ba a fahimta ba, wa za ta gyara? Shi ya sa a wurinsu fassara wajibi ce. Kuma wanda ya yarda saƙon na Allah ne, dole ya ji tsoron ƙari ko ragi, kamar amintaccen dillali da aka damƙa wa kayan wani.

Aikin ya haifi 'ya'ya. Bisharar Matiyu ta fito da Hausa a 1857, littafin nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, sai Magana Hausa a 1885, mai ɗauke da labarin Dorugu daga bakinsa. Hausar fassarar ba ta kwanta wa kowa a kunne ba, don Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Amma ita ta share fage, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932 ta hannun Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa.

Bayan dawowarsa Dorugu ya yi tafinta, daga bisani ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. A can ya rasu a 1912.

Mu da ke bin hanyar Mora zuwa Banki, Bama da Maiduguri, Musulminmu da Kiristanmu, mun san darajar tafinta. Kalma ɗaya da aka karkata a gaban jami'in kwastan tana iya cinye ribar wata guda, ko ta raba abokan ciniki na shekaru. Sunan Schön ne a bangon littattafan, amma da yawa daga kalmomin na yaron Dambanas ne. Haka a kasuwanninmu akwai masu tafinta, masu lodi da yaran mota da ba a ambaton su ranar biki. Bana mu ambace su, mu kuma biya su haƙƙinsu cikakke.

Allah ya ƙara mana zumunci da riƙon amana, ya kai mu baɗi lafiya.