Alfred Percival Maudslay (1850–1931): Mutumin da Ya Bi Kogi Zuwa Kufan Mayawa

1.0 Gabatarwa

Mayawa al'umma ce da ke zaune a kudancin Meksiko da Gwatamala da Beliz da yammacin Honduras da Salbado, kuma har yau zuriyarsu na magana da harsuna kusan 30 masu tushe ɗaya. Tsakanin shekarar 250 zuwa 900 Miladiyya kakanninsu sun gina manyan birane na dutse, suka bunƙasa rubutunsu da ƙidayarsu da kalandarsu. Daga baya aka watse daga yawancin biranen, kurmi ya rufe su. Wannan babi zai kawo tarihin Alfred Maudslay, Baturen Ingila wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da dukiyarsa wajen kwafo rubuce-rubucen da ke jikin waɗannan kufai. Ana so ɗalibi ya lura da yadda ake gina tarihin mutum daga haihuwa zuwa mutuwa, ya kuma ga matsayin tattara bayanai na gaskiya a nazarin harshe.

2.0 Asalinsa da Neman Iliminsa

An haifi Maudslay ranar 18 ga Maris, 1850, a Norwood, kusa da birnin Landan. Gidansu gidan ƙira ne da arziki. Kakansa, Henry Maudslay, yana cikin fitattun injiniyoyin Ingila, kuma kamfanin da ya kafa ya shahara wajen ƙera injinan jiragen ruwa. Yaron ya yi karatu a makarantar Harrow, sannan ya wuce Jami'ar Kambirij a 1868, inda ya karanci kimiyyar halittu ya gama a 1872. Burinsa shi ne ya zama likita, amma ciwon ƙirji ya matsa masa, har ya zama dole ya bar sanyin Ingila ya nemi ƙasa mai ɗumi.

Wannan lalura ce ta jefa shi aikin mulkin mallaka. Ya fara da zama sakataren gwamna William Cairns a tsibirin Tirinidad, ya bi shi zuwa Queensland ta ƙasar Ostireliya. A 1875 ya koma Fiji ƙarƙashin gwamna Arthur Gordon, ya kuma riƙe muƙamin jakadanci a tsibiran Tonga da Samowa. A nan ya koyi tafiya cikin daji da zama da mutanen da ba ya jin harshensu. A 1880 ya ajiye aikin gwamnati.

3.0 Shigarsa Ƙasar Mayawa

A farkon 1881 Maudslay ya sauka Gwatamala da niyyar ya wuce lokacin hunturu kawai. Ya riga ya karanta littattafan John Lloyd Stephens, Ba'amurken da ya zagaya kufan tare da mai zane Frederick Catherwood wajen shekara 40 kafin nan. Wurin da ya fara zuwa shi ne Quiriguá, a kwarin kogin Motagua. Da farko abin da ya gani ya yi masa kama da kututturan itatuwa da gansakuka ta lulluɓe. Da aka kankare ɗaya, sai ga siffar mutum da layukan rubutu an sassaƙa a jikin dutse, kuma ba su lalace ba. Ɗaya daga cikin ginshiƙan wurin ya haura mita 10, kuma shi ne mafi tsawo a duk ƙasar Mayawa. Daga wannan rana yawon shan iska ya zama aikin rayuwa.

A shekarar ya ziyarci Copán a Honduras, sannan ya keta kurmin Petén zuwa Tikal, inda ya sa aka sare itatuwan da suka rufe dogayen ɗakunan bauta ya ɗauki hotunansu. A wannan lokaci ne ya haɗu da Gorgonio López, mutumin yankin Verapaz, wanda shi da 'yan gidansu suka zama hannun damansa na shekaru masu yawa. López ne ke nemo ma'aikata, ya yi tafinta, daga baya kuma ya gwanance wajen kwafar sassaƙa har Maudslay kan tura shi wasu kufai shi kaɗai.

4.0 Tafiyar Kogin Usumacinta

Tafiyar da ta fi fito da sunansa ita ce ta 1882. Wani Bajamushe mai koyarwa a Gwatamala, Edwin Rockstroh, ya ba shi labarin wani tsohon birni a bakin kogin Usumacinta, wanda ba a kai gare shi sai ta ruwa. Maudslay ya tashi daga Cobán da alfadarai da 'yan dako, ya bi ta ƙasa har bakin kogin Pasión. A can ya sami kwalekwale irin wanda ake fafewa daga gungume guda, wanda masu saran katako ke amfani da shi. Suka gangara Pasión har inda ya haɗu da kogin Salinas, wato mafarin Usumacinta ke nan. Kogin yana da faɗi, ruwansa na da ƙarfi, a wasu wurare kuma yana matsewa tsakanin duwatsu yana juyawa, ta yadda kuskure kaɗan na matuƙi ya isa ya kifar da jirgi da kayan hoto da abinci baki ɗaya.

Ranar 18 ga Maris, 1882, ranar da ya cika shekara 32, ya iso birnin. Yana kan wani lungu ne inda kogin ya yi lanƙwasa kamar ƙofaton doki, gine-ginensa na hawa tudu daki-daki. Maudslay ya kira shi Menché. Sunan Yaxchilán da aka san shi da shi yanzu, wani mai bincike ne, Teobert Maler, ya raɗa masa daga baya. A cikin ɗakunan ya tarar da kasaken turaren wuta masu yawa, domin Lakandon, wani reshe na Mayawa da ke zaune a kurmin, ba su daina zuwa ibada wurin ba. Ke nan birnin ya ɓace wa Turawa ne kawai.

Bayan 'yan kwanaki sai labari ya zo cewa wani Bafaranshe, Désiré Charnay, yana can sama a bakin kogi da jama'arsa, ya rasa jirgin da zai ƙarasa. Charnay ya sha wahalar hanya ne don ya zama Baturen da zai fara bayyana wa duniya wannan birni, har ya yi niyyar sa masa sunan attajirin da ya ɗauki nauyinsa, Pierre Lorillard. Maudslay ya aika masa da kwalekwalensa, ya tarye shi hannu biyu, ya kuma bar masa girman sanar da binciken da zaɓen suna. Wannan karamci bai tafi a banza ba. Charnay ya koya masa yadda ake jiƙa takarda ta musamman, a manna ta a jikin sassaƙa, a daddanna da buroshi, a ƙara wata a kai, har in ta bushe a ɓamɓaro ta ɗauke da siffar dutsen. Wannan dabara ta sauya aikin Maudslay gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya aikata a Yaxchilán wanda ake tuhumar sa a kai. Ya sa an ciro wasu sassaƙaƙƙun duwatsu na saman ƙofofi, an rage musu kauri don su ɗauku, an kai su Landan, wasu ta hannun López daga baya. Mafi shahara a cikinsu yana nuna gimbiya Xook tana zura igiya mai ƙayoyi ta cikin harshenta a gaban mijinta sarki, a wani biki na shekarar 709. Duwatsun suna Gidan Tarihi na Birtaniya. Ɗaya da aka aika Balin bisa kuskure ya halaka a Yaƙin Duniya na Biyu. Masu kare shi na cewa ya yi haka da izinin gwamnatin Gwatamala, kuma ya kuɓutar da su daga damina da ɓarayi. Masu suka na cewa an raba gini da rubutun da ke bayyana shi, an kuma raba jama'a da gadonsu. Dokokin Meksiko da Gwatamala na yau sun haramta irin wannan fitar da kaya.

5.0 Hanyar Aikinsa

Abin da ya bambanta Maudslay da matafiyan da suka gabace shi shi ne tsari. Waɗancan sukan zana abin da idonsu ya gani, wani lokaci ma abin da ransu ya raya musu, har wani cikinsu ya taɓa zana kawunan giwaye a rubutun Mayawa alhali babu giwa a nahiyar. Maudslay ya ɗauki hanyoyi huɗu masu gyara juna. Na farko, auna wuri da zana taswirarsa. Na biyu, ɗaukar hoto a kan farantan gilashi masu girma, wanda yakan jira sa'ar da hasken rana zai faɗo a karkace don rubutu ya fito. Na uku, kwafa da takarda ga sassaƙa marar zurfi, da garin filasta ga mai zurfi. Na huɗu, zane da hannu, wanda wata gwana mai suna Annie Hunter ta yi a Landan daga hotuna da kwafe-kwafen, shi kuma ya koma da zanen gaban dutsen ya gwada.

A 1883 ya koma Quiriguá da wani gwanin filasta mai suna Lorenzo Giuntini. Wani ƙaton dutse guda da ake wa laƙabi da Babban Kunkuru sai da aka kwafe shi gunduwa-gunduwa fiye da 600, kowace da lambarta, aka naɗe su aka ɗora wa alfadarai zuwa bakin teku. Ya yi aiki a Copán a 1885, a Chichén Itzá a 1889, inda zazzaɓi ya yi ta kayar da shi, sannan a Palenque a 1891. Kusan duk kuɗin waɗannan tafiye-tafiye daga aljihunsa suka fito.

An buga sakamakon tsakanin 1889 da 1902 a matsayin sashen kayan tarihi na babban kundin Biologia Centrali-Americana, wanda Frederick Godman da Osbert Salvin suka shirya. Sashen nasa juzu'i biyar ne, ɗaya na bayani, huɗu na hotuna da zane-zane.

6.0 Gudummawarsa ga Nazarin Rubutun Mayawa

Maudslay bai iya karanta rubutun da ya kwafa ba, bai kuma yi da'awar ya iya ba. A zamaninsa babu mai iyawa, domin ilimin ya yanke bayan zuwan Sifaniyawa, musamman bayan da limamin kirista Diego de Landa ya ƙona littattafan Mayawa a garin Maní a 1562. Littattafai huɗu kacal aka sani sun tsira. Don haka rubutun da ke kan duwatsu shi ne babban abin da ya rage.

Duk da haka ya lura da abubuwa muhimmai. Ya tabbatar cewa ana karanta rubutun duwatsun ne layi bibbiyu a tsaye, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Ya kuma gane cewa rubuce-rubuce da yawa suna buɗewa da jerin alamu iri ɗaya, waɗanda aka tabbatar kwanan wata ne. Da zane-zanensa ne Joseph Goodman ya warware lissafin kalandar a 1897, a 1905 kuma ya kawo hanyar daidaita ta da kalandar Miladiyya, wadda da ɗan gyara ake amfani da ita har yanzu.

Karatun kalmomi ya zo daga baya. A 1952 masanin harshe ɗan Rasha, Yuri Knorozov, ya nuna cewa rubutun gauraye ne: wasu alamu na wakiltar kalma sukutum, wasu na wakiltar gaɓa mai baƙi da wasali. Misali, kalmar balam, wato damisar Amurka, ana iya rubuta ta da hoton kan dabbar, ana kuma iya rubuta ta da gaɓoɓi uku, ba da la da ma, a bar wasalin ƙarshe ba a furta ba. A 1960 Tatiana Proskouriakoff ta nuna cewa duwatsun na ɗauke da tarihin sarakuna ne, haihuwarsu da hawansu gado da mutuwarsu, ta kuma bi sarakunan Yaxchilán ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan nazari kwatance ne na alama da alama, kuma ba ya yiwuwa in kwafin da ke gaban manazarci gurɓatacce ne. Darasin ga ɗalibin harshe a fili yake: wanda ya rubuta abin da ya ji ko ya gani daidai, ko da bai fahimce shi ba, ya bar wa na baya abin aiki.

7.0 Iyali da Ƙarshen Rayuwarsa

A 1892 ya auri Anne Cary Morris, Ba'amurkiya, a birnin Roma. Sun je Gwatamala tare a 1894, suka wallafa labarin tafiyar a 1899 cikin littafin A Glimpse at Guatemala. A daidai ƙarshen ƙarnin kamfanin gidansu ya karye, abin hannunsa ya ragu. Ya nemi Cibiyar Carnegie ta Amurka ta ɗauki nauyin tono a Monte Albán, ba a ba shi ba. Ya zauna na wasu shekaru kusa da Oaxaca a Meksiko, sannan ya koma Ingila ya duƙufa kan fassara. Tsakanin 1908 da 1916 ya fitar da fassarar Ingilishi ta littafin Bernal Díaz del Castillo kan yadda Sifaniyawa suka ci Meksiko. Ya shugabanci Cibiyar Nazarin Ɗan'adam ta Masarautar Ingila a 1911 zuwa 1912.

Kwafe-kwafensa sun yi shekaru a jibge a ɗakin ajiya na gidan tarihin South Kensington babu mai kula, sai a 1923 Gidan Tarihi na Birtaniya ya ware musu ɗaki da sunansa. Matarsa ta mutu a 1926, ya sake aure a 1928. Ya mutu a watan Janairu, 1931, a gidansa da ke kusa da Hereford, yana da shekara 80.

8.0 Kammalawa

Ruwan sama da ɓarayin kayan tarihi sun ci da yawa daga rubuce-rubucen da Maudslay ya tarar lafiya lau, ta yadda a wasu wurare kwafinsa ya fi dutsen asali karantuwa. A 2017 Gidan Tarihi na Birtaniya da kamfanin Google suka fara sanya hotunansa da kwafe-kwafensa a intanet. Yaxchilán kuwa, wadda yarjejeniyar iyaka ta 1882 ta bar ta a ɓangaren Meksiko, har yau ta ruwa ake zuwa mata. Masu ziyara kan hau jirgi daga Frontera Corozal, wasu kuma kan yi kwanaki suna tuƙa ƙananan kwalekwale tare da 'yan jagora, su yada zango a Yaxchilán da Piedras Negras kafin su fita ta wajen Tenosique.

Tambayoyin Bita

1. Wane dalili ne ya raba Maudslay da karatun likita, kuma ina hakan ya kai shi?
2. Bayyana hanyoyi huɗu da ya bi wajen adana rubutun Mayawa, tare da amfanin kowace.
3. Me haɗuwarsa da Charnay ta nuna game da halinsa?
4. Kawo hujjojin masu kare shi da na masu sukar sa kan kwashe duwatsun Yaxchilán, sannan ka faɗi ra'ayinka.
5. Yi bayanin bambancin alamar kalma da alamar gaɓa a rubutun Mayawa.