Nana Asma'u 'Yar Shehu

Har wa yau a ƙasarmu akwai 'yan mata masu yawa waɗanda ba su zuwa makaranta. Waɗansu talla ce ta hana su, waɗansu makarantar ce ta yi musu nisa, waɗansu kuwa tsoron ɓarayin mutane ya sa aka tsare su a gida. Akwai kuma iyayen da har yanzu su ke tsammani karatun mace al'adar Turawa ce. Don mu san gaskiyar wannan magana, sai mu koma baya fiye da shekara 200, mu ji labarin wata malama da a ke kira Nana Asma'u.

An haifi Nana Asma'u wajen shekarar 1793 a Degel, wani ɗan ƙauye na malamai a ƙasar Gobir, wanda yanzu ya ke cikin Jihar Sakkwato. Ubanta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, uwarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abinci a kogo lokacin hijira. Tun tana ƙarama uwarta ta rasu, sauran matan Shehu suka rene ta.

A gidan Shehu karatun mata ba baƙon abu ba ne, gama uwarsa Hauwa da kakarsa Ruƙayya duk masu ilmi ne. Shi kansa ya kan bar mata su zo su saurari wa'azinsa, su zauna a gefe guda, ko da ya ke waɗansu malamai sun zarge shi a kan haka. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya yi faɗa ƙwarai da malaman da ke koyar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Saboda haka Asma'u ta ɗauki allo tare da 'yan'uwanta maza. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da hadisi da tarihin Annabi. Ta iya Larabci da Filatanci da Hausa da harshen Buzaye.

Tana da shekara wajen goma sha ɗaya fitina ta tashi tsakanin Jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 Shehu da mutanensa suka bar Degel, suka yi hijira zuwa Gudu. Asma'u tana cikinsu. A watan Yuni aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, Jama'a suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka mutu. Ga yunwa, ga cuta, ga tafiyar ƙasa ba hutawa, har suka kai Gwandu a 1805. Yaƙin bai lafa ba sai da aka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Wanda duk ya ga irin wannan da idonsa ya san ilmin da ke cikin kan mutane kaɗan yana iya salwanta a yini guda.

An yi mata aure tana ƙarama, kamar yadda a ke yi a wancan zamani. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Auren bai raba ta da littafi ba, don mijin ma malami ne. Sa'ad da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Asma'u da mijinta suka himmantu wajen tattara littattafan Shehu da kiyaye su. A 1820 ta rubuta littafi da Larabci mai suna Tanbihul Gafilina. Bello ya kan nemi shawararta, manyan malamai kuma su kan yi musayar takardu da ita, har da wani shehi daga Shingiti a ƙasar Muritaniya.

To, amma babban aikinta yana gaba. Bayan yaƙe-yaƙen nan ƙasa ta cika da gwauraye da marayu, da matan da aka kamo a yaƙi aka zaunar a garuruwa da ƙauyuka. Da yawa daga cikinsu ba su san ko farillan alwala ba, in ciwo ya same su sai su nufi wurin 'yan bori. Ga shi matan aure ba su da halin barin miji da goyo su tafi Sakkwato neman karatu. Yaya za a yi ilmi ya isa gare su?

Ga dabarar da Asma'u ta yi. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali da amana daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa kowace ta zama shugabar matan ƙauyensu. Irin wannan mace a kan kira ta jaji. Wurin naɗin a kan sa mata malafa, a naɗe ta da jan rawani. A da, a ƙasar Gobir, Inna ce ke sa irin wannan malafa, watau shugabar mata da 'yan bori. Da Asma'u ta sa wa malamanta ita, kowa ya gane cewa yanzu girman mace yana wajen ilminta.

Jaji ta kan taso daga ƙauye a ƙasa, tare da tsofaffi da 'yan matan da ba su isa aure ba, su yi ayari zuwa gidan Asma'u. Su kan riƙo 'yar tsaraba, kamar hatsi da zuma da man shanu, ita kuwa ta rarraba wa mabukata. Su zauna su ɗauki karatu, su kawo mata tambayoyin matan da suka baro a gida. Sa'an nan su koma, su bi gida gida suna koyar da abin da suka samo. Waɗannan mata su a ke kira 'Yan Taru. Ban da koyarwa, su kan yi jiyyar marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa, su sasanta masu faɗa, su taimaki mai haihuwa.

A zamanin nan ba injin buga littafi a ƙasar Hausa, takarda ma tana da tsada. Don haka Asma'u ta mai da darussanta waƙa, gama waƙa ba ta da wuyar riƙewa. Mace tana daka ko tana kaɗi tana rerawa, 'yarta tana ji tana ɗauka. Ta yi waƙa ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114. Ta yi ta tarihin Annabi, da ta mata salihai na da, da Waƙar Gewaye wadda ke ba da labarin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙensa. Ta kuma juya waƙar Shehu Tabbat Haƙiƙa daga Filatanci zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki a kan zalunci. Ƙanenta Isa ya taimake ta mai da waɗansu waƙoƙinta Hausa. Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai wajen 60.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara wajen 71. Aka rufe ta a Hubbare a Sakkwato, kusa da ubanta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Ɗanta Abdulƙadir ya yi Waziri, kuma daga zuriyarta aka sami Waziri Junaidu, wanda ya adana takardunta har ya rasu a 1997.

Yanzu ku duba lissafin shekarun nan da kyau. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, watau shekara 39 bayan rasuwarta. Makarantun boko na 'yan mata kuwa sai a 1930 aka fara buɗe su a Kano da Katsina. Ashe tun Bature bai zo ba akwai mata a ƙasar nan masu karatu da rubutu da koyarwa. Da boko ya zo a hannun baƙi, iyaye da yawa suka ji tsoronsa, suka hana 'ya'yansu mata, wannan tsoro kuma bai gama fita ba har yau. A 1976 Gwamnati ta shigo da karatun firamare kyauta ga kowa, a 2004 kuma aka yi doka cewa wajibi ne kowane yaro, mace da namiji, ya yi karatun firamare da ƙaramar sakandare. Duk da haka doka ba ta ɗaukar yarinya ta kai ta aji, sai iyaye sun yarda, sai kuma an kawo makaranta kusa, an tsare hanya.

Wahalar da Asma'u ta tarar ta fi tamu, gama ba mota, ba rediyo, ba littafin bugu, ga yaƙi ko'ina. Ba ta zauna jiran mata su zo ba, ta aika musu da ilmi har ɗaka. Ku 'yan mata da ke karanta wannan, ku riƙe karatunku da kyau, ku ne magadanta. Ku kuma samari, in kuna da ƙanwa ko maƙwabciya da ba ta zuwa makaranta, ku koya mata abin da kuka koya yau. Wanda ya yi haka ya yi aikin jaji.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Nana Asma'u, kuma a wace shekara?
2. Don me Shehu ya yi faɗa da waɗansu malamai?
3. Wace ce jaji, kuma mene ne aikinta?
4. Me ya sa Asma'u ta mai da darussanta waƙa?
5. Faɗi abu uku da ke hana 'yan mata zuwa makaranta a garinku.