Linus Pauling: Masanin da ya ci kyautar Nobel biyu, ya kuma jawo rigima kan bitamin C

An haifi Linus Pauling a ranar 28 ga Fabrairun 1901 a birnin Portland da ke jihar Oregon ta Amurka. Mahaifinsa mai sayar da magani ne, kuma ya rasu yaron na da shekara 9.

Pauling ya shahara a kimiyyar sinadarai. A 1949 shi da abokan aikinsa suka gano cewa cutar sikila tana da tushe ne a wata tawaya cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1954, sannan ta zaman lafiya ta 1962 saboda yaƙin da ya yi da gwajin makaman nukiliya. Har yau shi kaɗai ne ya ci Nobel biyu ba tare da raba ko ɗaya da wani ba.

Rigimar ta taso ne a 1970, lokacin da ya wallafa littafi yana cewa shan bitamin C da yawa na kare mutum daga mura. Bitamin C na cikin sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lahanin wasu burbushi da jiki ke samarwa yayin sarrafa abinci da iska. Babban mutum na buƙatar ƙasa da miligiram 100 a rana, amma Pauling ya kai ga shan giram 18. Ganin wanda ya faɗa, jama'a suka yi ta rububin sayen ƙwayoyin.

Daga baya ya ce bitamin ɗin na tsawaita ran masu ciwon daji. Asibitin Mayo ya gwada hakan, kuma sakamakon 1979 da na 1985 bai nuna wani amfani ba. A 1994 wani bincike a Finland kan maza masu shan taba kimanin 29,000 ya gano cewa ƙwayar beta-carotene, wadda ita ma ake sha don irin wannan kariya, ta ƙara yawan kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100.

Pauling bai sauya ra'ayi ba har ciwon dajin mafitsara ta maza ya yi ajalinsa a ranar 19 ga Agustan 1994, yana da shekara 93. Shawarar likitoci a yau ita ce mai lafiya ya nemi bitamin C a lemo, gwaba, tumatir da ganyaye, ya bar ƙwaya sai likita ya rubuta masa.