Ellen Wilkinson: 'Yar talakawan Manchester da ta riƙe ma'aunin ƙwaƙwalwar yaran Ingila

Sau uku Ellen Wilkinson tana cin tallafin karatu, kuma kowanne ya buɗe mata ƙofar da talauci ya rufe. Na farkon shi ne wanda ya kai ta wata makaranta a unguwar Ardwick da ke birnin Manchester tana da shekara 11. Bayan fiye da shekara 40, ita ce ta zama ministar ilimin da aka ɗora wa aiwatar da tsarin rarrabe yaran Ingila da Wales ta hanyar jarrabawa, su ma suna da shekara 11.

An haife ta ranar 8 ga watan Oktoban 1891 a Chorlton-on-Medlock, unguwar ma'aikata da ke maƙwabtaka da Ardwick. Mahaifinta ma'aikacin masaƙar auduga ne da ya koma wakilin kamfanin inshora. Rashin lafiya ya tsare ta a gida kusan shekara biyu tana ƙarama, inda ta duƙufa ga karatu. A 1906 ta samu tallafin fam 25 na koyon aikin malanta, sannan a 1910 ta ci kyautar karatu ta Jones a fannin tarihi, wadda ta shigar da ita Jami'ar Manchester.

Aji bai riƙe ta ba. Ta shiga fafutukar nema wa mata 'yancin zaɓe, ta yi aikin ƙungiyar ƙwadago, ta kuma ɗan zauna a jam'iyyar Kwaminis kafin ta fice. A 1924 aka zaɓe ta 'yar majalisar dokoki daga Middlesbrough ƙarƙashin jam'iyyar Labour. Tsayinta bai kai ƙafa biyar ba, ga jan gashi, ga zafin ra'ayi, shi ya sa aka laƙaba mata Ellen Ja. Abin da ya fi fito da sunanta shi ne tattakin Jarrow na Oktoban 1936, lokacin da maza 200 marasa aikin yi daga mazaɓarta suka taka a ƙasa har Landan bayan an rufe masana'antar ƙera jiragen ruwa ta garinsu.

Jarrabawar shekara 11

Da Labour ta ci zaɓen 1945, Firaminista Clement Attlee ya ba ta ma'aikatar ilimi, ta zama mace ta biyu da ta shiga majalisar ministocin Birtaniya. Dokar da ta tarar a kan teburinta ba tata ba ce. Ta R. A. Butler ce ta 1944, wadda ta sa karatun sakandare ya zama kyauta ga kowane yaro. Sai dai a aikace an kasa makarantun gida uku: na zurfin karatu masu kaiwa jami'a, na fasaha, da na gama-gari inda mafi yawan yara za su tafi. Mai raba gardamar ita ce jarrabawar da ake yi wa yaro a ƙarshen firamare, mai ɗauke da lissafi da Turanci da kuma gwajin kaifin basira.

Wannan gwaji na uku shi ne zuciyar lamarin. Masana halayyar ɗan'adam na lokacin, musamman Cyril Burt wanda ya fara aiki da hukumar birnin Landan a 1913, sun ɗauka cewa yawancin basira gado ce, ba ta cika sauyawa ba, kuma ana iya auna ta da alƙaluma tun yaro yana ƙarami. Ƙananan hukumomi da dama sun riƙa sayen takardun gwaji na Moray House da Godfrey Thomson ke shiryawa a Edinburgh. Kimanin yaro ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke tsallakewa. Makarantun fasahar kuwa kaɗan aka gina, saboda haka sauran duk suka kwarara gida ɗaya.

Ba kowa ne ya gamsu da ma'aunin ba tun farko. A Jami'ar Birmingham, farfesan ilimi C. W. Valentine ya wallafa bincike a 1932 kan ko za a iya dogara da jarrabawa, inda ya nuna cewa matsayin da ɗalibi ya samu a jarrabawar shiga makaranta ba ya yawan dacewa da abin da yake yi bayan 'yan shekaru. Wato mudun da ake awo da shi yana da tawaya.

A cikin jam'iyyarta ma, malamai da masu ra'ayin kawo sauyi sun matsa mata lamba ta haɗe makarantun wuri guda, sun kuma caccake ta a babban taron Labour na 1946. Ta ƙi rushe tsarin. Ana iya fahimtar dalilinta: a idonta jarrabawa ce tsanin da ɗan talaka ke hawa ya kamo ɗan mai kuɗi, kuma ita kanta shaida ce. Abin da wannan lissafi ya tsallake shi ne yawan waɗanda aka bari a gindin tsanin, da tambarin faɗuwa tun ba su mallaki hankalin kansu ba.

Lambar yabo da zargi

A 1946, tana kan kujerar minista, masarautar Birtaniya ta ba Burt lambar girma ta Sir. Daga baya ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ba shi lambar yabo ta Thorndike, wadda ake bai wa waɗanda suka yi fice a binciken koyo da koyarwa. Bayan rasuwarsa a 1971 sai Leon Kamin na Jami'ar Princeton ya lura da wani abin mamaki a bincikensa kan tagwayen da suka tashi a gidaje daban-daban: adadin tagwayen ya tashi daga 21 zuwa 53, amma alƙalamin da ke nuna kamancin basirarsu ya tsaya cak a 0.771. A 1976 jaridar Sunday Times ta fito da zargin cewa ya ƙirƙiri wasu bayanan. Har yanzu akwai masu kare shi, amma 'yan kaɗan ne ke kafa hujja da waɗannan alƙaluma.

Ellen ba ta ga wannan zargi ba. Yaƙin da ta sa ƙarfinta a kai wani ne daban, wato ɗaga shekarun barin makaranta daga 14 zuwa 15, a ƙasar da yaƙi ya bar ta ba gine-gine ba malamai. Ta faɗaɗa shirin horar da tsofaffin sojoji su zama malamai cikin shekara guda, ta sa aka kakkafa azuzuwan wucin gadi, kuma da wasu ministoci suka nemi a ɗage ranar saboda ƙarancin kuɗi, ta tsaya kai da fata. A zamaninta ne aka fara bai wa kowane ɗan makaranta madara kyauta a 1946. Ita ce kuma ta shugabanci taron Landan na Nuwamban 1945 da ya haifar da hukumar UNESCO.

Ta daɗe tana fama da asma da ciwon ƙirji. Ta rasu a asibitin St Mary da ke Landan ranar 6 ga Fabrairun 1947, cikin matsanancin sanyin wannan shekara, tana da shekara 55. Mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa magani ta sha fiye da ƙima bisa kuskure. Dokar shekara 15 ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, ƙasa da wata biyu bayan rasuwarta.

A 1965 wata gwamnatin Labour ta buƙaci ƙananan hukumomi su haɗe makarantunsu, jarrabawar ta ɓace a mafi yawan sassan Ingila. A Birmingham kuwa tana nan, inda iyaye ke biyan malaman darasin gida domin 'ya'yansu su samu gurbi a makarantun gidauniyar Sarki Edward na Shida. A Manchester, ginin da ke ɗauke da cibiyar nazarin ilimi ta jami'ar birnin sunan Ellen Wilkinson yake amsawa.