TARIHIN UWARGIDA ELIZABETH FRY, MAI ZIYARAR 'YAN KURKUKU (1780–1845)

A wannan biki na cikar Ikkilisiyarmu shekara 50 mun ga ya dace mu tuna da wannan baiwar Allah, musamman da yake gidajen yari na Birnin Kebbi da Argungu ba su da nisa da mu a nan Gwadangaji.

An haifi Elizabeth a garin Norwich na ƙasar Ingila ran 21 ga Mayu, 1780, a gidan Gurney, attajirai masu banki. Tana da shekara 12 mahaifiyarta ta rasu. A 1798 ta ji wa'azin William Savery, wani mai bishara daga Amurka, ta ba da ranta ga Ubangiji. Ta auri Joseph Fry a 1800, Allah ya ba su 'ya'ya 11.

A 1813 ta shiga kurkukun Newgate a Landan. Ta tarar da mata wajen 300 a cunkushe, da wadda aka yanke wa hukunci da mai jiran shari'a duk wuri ɗaya, suna kwana a ƙasa, ga 'ya'yansu tare da su cikin tsumma. Ta kai wa yaran tufafi. Amma wahalolin gida, har da rasuwar 'yarta Betsy a 1815, suka tsare ta, ba ta kama aikin sosai ba sai ƙarshen 1816.

Yadda ta koma shi ya fi ba mu sha'awa. Ba ta fara da tsawa a kan zunubi ba, maganar yaran ta ɗauko, gama uwa ko tana ɗaure ba ta daina ƙaunar ɗanta. Matan suka yarda a buɗe makaranta a cikin kurkukun, suka zaɓi malama daga cikinsu. A 1817 ta kafa ƙungiya ta mata 12, kusan irin Zumuntar Matanmu, suna koya wa fursunoni ɗinki da saƙa, suna karanta musu Littafi Mai Tsarki. Ko dokokin zaman ba a ɗora wa kowa ba, sai da matan suka ɗaga hannu suka amince. A ganinmu wannan girmamawa ce ta buɗe zukatansu.

A 1818 ta ba da shaida a gaban kwamitin Majalisar Ingila, kuma dokar 1823 ta ce gandurobobi mata ne za su tsare fursunoni mata. Waɗanda ake kora zuwa Ostareliya kuwa, takan bi su har cikin jirgin ruwa da kayan ɗinki, don su sami abin sayarwa in sun sauka.

Ta sha suka cewa ta bar gidanta tana bin na wasu. A 1828 bankin mijinta ya karye, duk da haka ba ta fasa ba. Ta huta cikin Ubangiji a Ramsgate a watan Oktoba, 1845. A 2002 Bankin Ingila ya sa hotonta a takardar fam biyar, tana yi wa matan Newgate da yaransu karatu. An daina karɓar takardar a 2017.