Faitagoras, Malamin Da Ya Ƙi Wake

Babu ɗayanmu a makarantan nan da bai sha fama da ƙa'idar Faitagoras a darasin lissafi ba, amma kaɗan ne suka san mutumin. Bahelene ne, an haife shi a tsibirin Samos wajen shekara 570 kafin haihuwar Almasihu, watau tsibirin nan da jirgin Manzo Bulus ya biya daga baya. Da ya kai misalin shekara arba'in sai ya yi ƙaura zuwa Kuroton, a kudancin Italiya, ya tara almajirai maza da mata. Bai bar mana littafi ko guda ba. Ƙa'idar ma da a ke kira da sunansa, mutanen Babila sun san ta fiye da shekara dubu kafin zamaninsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ya hana almajiransa cin wake. Har an ce da abokan gaba suka kore shi, ya iso bakin wata gonar wake, sai ya ƙi ratsa ta, suka cim masa suka kashe shi. Ni dai ina jin tatsuniya ce, gama waɗansu sun ce a Metafontum ya mutu, wajen shekara 495.

To, waken nasu ba irin namu na ƙosai ba ne. Babban waken nan ne da mutanen Masar da Sudan ke kira ful. Akwai mutanen da in sun ci shi, cikin kwana ɗaya ko biyu jajayen ƙwayoyin jininsu su farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi, jiki ya mutu. A 1956 likitoci a Cikago ta Amurka suka gano dalili, suna binciken maganin zazzaɓi mai suna firimakwin. Ashe waɗansu an haife su da ƙarancin wani sinadari mai tsaron ƙwayoyin jini, sunansa G6PD. Ɗa namiji daga wurin uwarsa ya ke gadonsa, maza ne kuwa ya fi kamawa.

Ko Faitagoras ya ga wannan ciwo ne? Da wuya. Mutanen dā sun ce ya ɗauka akwai dangantaka tsakanin wake da rayukan matattu.

Amma fa maganar ta shafe mu. A Nijeriya misalin namiji ɗaya cikin biyar yana da wannan gado, kuma a 1969 likita Luzzatto da abokan aikinsa a Ibadan sun nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta jin daɗin zama cikin irin ƙwayoyin jinin nan. Mu a nan, kafur ya fi ful haɗari. Ƙwallayen nan farare da a ke saye a kasuwar Karshi a zuba cikin akwatin tufafi, in an sa wa jariri mai gadon nan rigar da ta kwana da su, shawara mai tsanani tana iya kama shi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a makon farko, asibiti za a kai shi a ranar, ba a jira sai an yi suna ba.